Daren kallon taurari: Baba ya ga Zara, Auta ta dawo da kuka

Tun ranar Asabar 1 ga Fabrairu 2025 nake son rubuta wannan, ranar da muka je daren kallon taurari da wasu samari suka shirya a filin wata makaranta a bayan gari, nan Kano.  Mu shida muka je: ni da maigida, yara uku, sai Baba. Saboda Baba kuwa nake cewa ko ninkin kuɗin shiga suka karɓa, ban yi asara ba.

Baba ya haura saba'in. A Katsina ya tashi, kuma tun ina ƙarama ba na tuna wani 29 ga wata da ya wuce bai fita bayan Magariba ya tsaya yana duban yamma ba. Ba ya cikin wani kwamiti, babu wanda ya ɗora masa, halinsa ne kawai. Ya san lokacin da Kaza da 'ya'yanta ke fitowa, ya san sunayen taurarin da ya ji a makarantar allo, su Mushtari da Zuhal. Da na ce masa za mu je, cewa ya yi, "Abin da Allah Ya shimfiɗa kyauta a bisa kan kowa, shi za a karɓi kuɗi a nuna mini?" Auta ce ta shawo kansa. Shekararta shida, shi kuma ba ya iya ce wa amaryarsa a'a.

Daren ya yi kyau, wannan ba aikin kowa ba ne sai na Ubangiji. Hazon hunturu ya ɗan sassauta, ya koma can ƙasa-ƙasa wajen mafaɗar rana. Farkon Sha'aban ne, jinjirin wata yana kwance kamar ƙwarya, Zara tana sama da shi kaɗan tana walƙiya. Baba ya nuna wa yara ya ce, "Kun ga abin da ya sa ake ce mata matar wata." Har sauran jikin watan da bai haskaka ba ana ganinsa dishi-dishi. Ɗaya daga cikin samarin ya ce hasken rana ne da ya bugi duniyarmu ya koma kan watan.

Saurayin da ke kula da babban madubin hangen nesa, wani siriri mai sanyin murya, da ya hango Baba sai ya dakatar da layi ya ce, "Baba, bismillah, ku za ku fara." Ya tambaye shi me yake son gani. Baba ya ce Zara. Yaron ya saita, ya gyara, ya matsa gefe.

Baba ya duƙa ya sa ido. Bai daɗe ba ya ɗago.

"Ɗan nan, Zara na ce maka. Ka juya shi kan jinjirin wata."

"Baba, ai ita ce."

Baba ya dubi sama da idonsa. Ga wata can, ga Zara can. Ya koma bayan bututun ya bi tsawonsa da ido don ya ga inda bakinsa ya dosa. Ya sake duƙawa. Sau uku yana haka, mutanen layi suka yi tsit. Yaron bai yi gardama da shi ba, bai kuma yi dariya ba, abin da ya fara sa na ji ya kwanta mini ke nan. Sai kawai ya ce, "Bari in nuna muku watan, ku gwada da kanku." Ya juya madubin. Wata ya cika gilashin fal, da ramuka da tuddai a bakin inda haske ya yanke, kamar tsohuwar tukunyar ƙasa. Sannan ya mayar kan Zara: 'yar ƙarama, fara sol, babu tabo ko ɗaya, amma a lanƙwashe kamar lauje mai kauri.

Baba ya daɗe a duƙe har na ji tsoron bayansa. Da ya miƙe sai na ga yana share ido da bakin hannun riga. Ya ce, "Subhanallahi. Shekara sittin ina kallonta, ban san tana da ƙaho ba." Ni da na tashi a hannunsa, ko a wajen rasuwa ban cika ganin hawayensa ba. Ina rubuta wannan ma jikina yana tsumawa.

Yaron ya ɗauko lemo da tocila ya yi masa bayani da Hausa zalla. Zara ba ta da haske nata, rana ce ke haska ta. Tunda ta fi mu kusa da rana, zagayenta yana cikin namu, shi ya sa wani lokaci muke ganin yawancin fuskarta mai haske, wani lokaci gefe kawai, yadda wata ke yi. Ya ce wani Ba'italiye mai suna Galileo ya ga wannan a 1610 da madubin da bai kai nasu ba. Ya ce girmanta ya kusa na duniyarmu, amma zafin doronta ya wuce digiri 450. Baba yana ta jinjina kai, har sai da yaron ya ce Zara ita ce Gamzaki. Nan fa ya tsaya.

"A'a. Gamzaki na asuba ne, Zara ta Magariba ce. Kada ka haɗa su."

"Baba, ku riƙe maganar nan. Kafin ƙaramar Sallah za ku neme ta da yamma ku rasa. Bayan Sallah ku duba gabas kafin gari ya waye."

Baba ya ce ya riƙe. Daga nan hira ta ɓarke tsakaninsu kamar sun daɗe da sanin juna. Baba ya ba shi labarin kusufin rana na 29 ga Maris 2006, yadda gari ya rufe da duhu da hantsi a Katsina, kaji suka nufi akurki, mutane suka cika masallatai. Yaron ya ce akwai wani irinsa ranar 2 ga Agusta 2027 da zai rufe rana ruf a Makka da Jidda, mu nan sai dai ɓangare, kuma kada a kuskura a kalle shi ba tare da gilashin da aka yi don haka ba. Baba kuma ya tuna masa cewa wannan ilimin ba baƙo ba ne a ƙasarmu, tunda Katsina ta fitar da Muhammad al-Katsinawi, malamin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741. Yaron ya san sunan. Baba ya ji daɗin hakan ƙwarai.

Manyan yaran biyu sun ga Mushtari, wadda a makaranta suke kira Jufita, da 'yan ɗige-ɗigen watanninta a jere, suka yi ta musun uku ne ko huɗu. An ba su madubi mai ido biyu suka kalli Kaza, inda ido ke ƙirga shida ko bakwai su suka ga gwammai. Wannan duk lafiya.

Amma da na zo nan a rubutun sai raina ya sake ɓaci, domin na tuna Auta, kuma ba zan rufa musu asiri a kan wannan ba.

Mako guda yarinyar nan tana zana Zuhal. Hoton da suka saka a tallarsu, mai faffaɗan zobe kamar faifai, shi ta kwafa a takarda ta shafa masa kala, ta riƙo shi a hannu har filin. Abin da ya kai ta ke nan. A tallar sun ce madubi biyar, biyu muka tarar. Sun ce a zo ƙarfe biyar da rabi, amma har aka kira Magariba suna ɗaure-ɗaure, ruwan alwala ma sai da maigida ya fita ya sayo. Duk wannan na haƙura. Abin da ban haƙura da shi ba shi ne layi. Layi ɗaya aka yi wa kowa, maza da mata da yara. Kun san abin da ke biyo baya: samari suka dunƙule a gaba, mata muka ja da baya don ba za mu shiga turereniya cikin duhu ba. Wata baiwar Allah mai goyo da ke bayana ta gaji ta koma kan tabarma, ban ga ta leƙa ko sau ɗaya ba, kuma ita ma kuɗinta ta biya.

Na riƙe hannun Auta a layin ƙaramin madubin, wanda aka saita kan Zuhal. Su da bakinsu suka ce a hanzarta, domin tana ƙasa da wata, ita za ta fara faɗuwa. Saura mutum kamar takwas a gabanmu sai ga motoci sun shigo har tsakiyar fili da fitilu a kunne. Wani babban mutum ne da iyalinsa, ashe shi suke jira. Nan take aka tada janareta, aka kunna manyan fitilu biyu don ɗaukar hoto. Mutanen da suka roƙe mu mu kashe wayoyinmu, suka ce ido na buƙatar kusan rabin sa'a kafin ya saba da duhu, su ne suka haske filin kamar gidan biki! Aka miƙa lasifika, aka shiga jawabi da Turanci, wannan ya gode wa wancan, wancan ya gode wa wannan. Baba ya tambaye ni me ake cewa, na rasa abin da zan fassara masa. Na duba agogo, ya kusa minti arba'in. Da aka gama aka kai 'ya'yan baƙon gaban layi. Kafin a kashe fitilu, ido ya dawo, Zuhal ta nutse cikin hazo.

Ba ina cewa kada a karrama baƙo ba. Wataƙila ma shi ya taimaka musu da kuɗin kayan. Amma jawabi zai iya jira har ƙarfe tara, tauraruwa ba ta jiran kowa, kuma su suka fi kowa sanin haka.

Babban nawa, da ya kutsa da wuri, ya gan ta. Ya ce ba ta yi kama da hoton ba ko kaɗan, kamar 'yar ƙwallo ce aka soke ta da allura. Daga baya siririn saurayin ya gaya wa maigida cewa a shekarar zoben ya juyo mana gefensa, zuwa 23 ga Maris ma zai zama kamar babu shi, kuma haka yake yi duk bayan shekara goma sha wani abu. To in kun san haka, don me kuka saka wancan hoton? Ai wannan bayanin kansa abin sha'awa ne, da kun faɗa mana tun farko da na shirya zuciyar yarinya.

Na lallashe ta na ce mu je ta ga Mushtari. Muka sake bin layi. Lokacin siririn ya tafi raka baƙi, wani ne a wurin. Inda ake sa ido ya fi tsayinta nesa ba kusa ba, kuma taron da aka ce na iyali ne babu ko 'yar kujerar takawa. Mahaifinta ya ɗaga ta. Yaro kuwa in an ɗaga shi sai ya nemi abin riƙewa, ta kama bututun, ya goce. Saurayin ya daka mata tsawa a gaban mutane: "Ke! Wa ya ce ki taɓa? Kin san kuɗinsa?" Ta saki, ta cusa kai a wuyan babanta, ta fashe da kuka. Ya sake saitawa cikin ɗan lokaci kaɗan, abin ba wani ɓarna ba ne, amma duk yadda muka yi ta ƙi ɗago kai. Baba ya ce, "Amarya, zo in riƙe ki mu gani tare." Ta girgiza kai. Takardar zanen a mota na tsince ta, a dunƙule. Yarinyar da ta jawo mu duka zuwa wurin, ita kaɗai ce ba ta ga komai ba.

Don haka maganar da na yi a sama, cewa ko ninki suka karɓa ban yi asara ba, na rage ta. Kuɗin Baba ya halatta musu. Na Auta kuwa har yanzu ina ganin suna riƙe da haƙƙinta.

Kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah wayata ta yi ƙara ana fitowa daga sallar Asuba. Gabana ya faɗi, don Baba ba ya kira a irin wannan lokacin. Ko gaisuwa bai bari na gama ba ya ce, "Ki gaya wa yaron nan na gan ta. Tun tsakiyar azumi nake nemanta da yamma tana ta yin ƙasa har ta ɓace, yau ga ta a gabas. Gaskiya ya faɗa." Na tura musu saƙon Baba, na haɗa da kokena a kan fitilu da layi da tsawar da aka yi wa yarinya. Sun amsa na farkon da godiya mai tsawo, har suka nemi izinin yaɗa shi. Na biyun ba su ce uffan ba.

Na ga sun sake sanya talla. Baba ya riga ya ce a sayo masa tikiti, kuma zan saya, maigida zai kai shi. Auta dai ba zan mayar da ita ba sai na ji daga bakinsu cewa sun ware wa mata da yara layinsu, sun tanadi abin takawa, kuma janareta ba zai tashi ba sai kowane yaro ya sa idonsa a madubin.