Gargaɗi ga masu sayen takalmin but ta waya

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan uwana na yankin Ringim da Taura. Ku yi hattara da wani mai tallan takalma a Facebook da WhatsApp, wanda ke cewa shagonsa yana Kano kuma yana aiko da kaya har ƙauye. Ni ya cuce ni, shi ya sa na kasa yin shiru.

Bayan na samu aikin koyarwa na ƙudurta sauya tufafina gaba ɗaya, don yawancinsu tun ina ɗalibi nake sa su. Na ɗinka kaftani uku masu tsukakken wando, na sayi wandon jins biyu, ya rage takalmi. But nake so, sau-ciki mai wuya zuwa idon sawu, ruwan ƙasa, domin yana shiga da shadda mai ruwan toka ko ruwan madara, yana kuma kare ƙafa daga ƙura da faso idan mutum na hawa babur da hunturu.

Hoton da ya turo mini ya yi kyau ƙwarai. Ya ce, “Malam, fata ce zalla, ɗinkin hannu, in ta ɓare ka dawo da ita.” Muka daidaita a kan naira 28,000. Sunan da ke kan asusun ya saɓa da na shafinsa, ya ce na ƙaninsa ne. Na nemi ya nuna mini takalmin ta kiran bidiyo, ya ce sabis ba shi da ƙarfi. Nan ya kamata in tsaya, amma na tura. Washegari ya sake karɓar 3,000 wai kuɗin mota.

Da kayan ya iso tasha na buɗe, sai warin roba ya buge ni. Na ce 43 nake sawa, ya aiko da 41. Ƙasan takalmin da gam aka manna shi, zaren da ake gani a gefe kwalliya ce kawai. Da na kira shi sau biyu sai ya toshe lambata, bayan kwana uku shafin ya sauya suna, hotunan kuwa su ne dai.

Wani dattijo baduku a kasuwarmu ya karɓi takalmin ya juya shi, ya ce, “Ɗana, wannan ai leda ce.” Ya nuna mini cewa bayan fata ta gaske yana da gashi-gashi, na jabu kuma yadi ne aka shafe da roba. In ka danna fata takan yi ƙananan tamoji, kuma tana da ƙamshinta da ba ya ɓoyuwa. Abin ya yi mini ciwo, ga Kano kusa da mu, garin da ake jimar fata a Challawa da Sharaɗa, ga masu takalma cike da Ƙofar Wambai.

Wanda zai sayi but ya je da ƙafarsa, ya gwada da safar da zai riƙa sawa, zai fi kyau da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. In dole sai an aiko, a samu ɗan uwa a birni ya gani da idonsa kafin a biya.

Na ajiye rasit ɗin turawar da duk saƙonninmu, na kuma kai ƙorafi bankina. Duk wanda irin wannan ta same shi a yankinmu ya yi mini magana, ranar Litinin zan je ofishin 'yan sanda, gara mu tafi tare.