Dashen da ya dace da tsakar gida a Kaduna: gwanda, lemo, gwaba ko mangwaro ɗan aure

Da zarar damina ta kankama a watan Yuni, masu sayar da dashe sukan jera baƙaƙen ledoji a bakin titunan Kaduna, kuma wanda yake da ɗan fili a bayan ɗaki sai ya rasa wanda zai ɗauka. Tunda tsakar gidan yawancinmu ba ta ɗaukar fiye da bishiya ɗaya ko biyu, zaɓin yana bukatar natsuwa, domin shekaru ake yi kafin a gane ko an dace.

Gwanda ta fi kowa sauri, tana iya yin 'ya'ya cikin shekara guda, amma ba ta jure kwanciyar ruwan Agusta, kuma ba a rarrabe namiji da mace sai ta yi fure. Lemo yana son ban ruwa tun daga Nuwamba har zuwa Afrilu, abin da ba zai yiwu ba ga gidan da yake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Gwaba tana da juriya, sai dai tsutsa takan riga mai gida shiga cikinta.

Ni dai zaɓina shi ne mangwaro ɗan aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin mangwaron gargajiya, musamman irin da ake kira Julie. Bishiyarsa ba ta yin girman da zai addabi katangar maƙwabci, tazarar mita 5 zuwa 6 ta wadatar da ita, alhali manyan iri kamar Kent suna neman kusan mita 10. Ɗan aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, shi kuwa wanda aka shuka daga ƙwallo yakan kai shekara 6 ko fiye. Yanayinmu ma ya karɓe shi, domin mangwaro yana bukatar rani mai tsawo kafin ya yi huda, ga shi kuma hunturun Disamba da Janairu yana ba shi hakan, sannan ya nuna a bazara lokacin da ake tsananin bukatar abin sanyaya maƙogwaro. Naman Julie ba shi da zaren da yake maƙalewa a haƙora, kuma saboda gajartar bishiyar ana iya tsinkarsa da hannu a ajiye ya ƙarasa nuna a ɗaki, ba sai yara sun yi ta jifa ba. Idan ya kafu bayan rani biyu, ban ruwan da yake nema kaɗan ne.

Sai dai a nan ne ha'inci ya fi yawa, kuma an taɓa cuta ta a kansa: na reni wani dashe shekara da shekaru da sunan ɗan aure, ya tashi ya haifi ƙananan 'ya'ya masu zare da tsami. Dabarar marasa gaskiya ita ce su ɗauki dashen ƙwallo, su ɗan karce kararsa, su naɗe wurin da farar leda, sai mai saye ya zaci mahaɗar aure ce. Don haka kada a yarda da naɗi kawai. A nemi mai sayarwa ya kwance ledar, a duba da ido. Auren gaskiya yana barin tabo mai ɗan kumburi, sau da yawa mai siffar tsini, kuma ɓawon sama yakan bambanta da na ƙasa a launi ko kauri. Idan karan ya miƙe sumul daga gindi har sama, ba a yi masa aure ba. Idan kuma aka ga ganye ya toho a ƙasan tabon alhali reshen sama ya bushe, auren ya mutu, abin da ya rage gindin gargajiya ne.

Akwai kuma masu cewa, "Alhaji, wannan ai daga ƙwallon Julie muka shuka shi." Wannan magana ba hujja ba ce, domin ƙwallon Julie ba ya haifar da irin uwarsa. Haka nan a ɗaga ledar a duba ƙasanta: idan saiwa ta huda ta shiga ƙasa aka tsinke ta da safen nan, dashen zai yi yaushi cikin mako. Arha mai yawa ma abin tuhuma ce, tunda aure aikin hannu ne da ba kowane yake kamawa ba.

Wanda yake da hali ya nemi shawara a Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, ko wurin malaman gona na Samaru a Zariya, ko kuma ya saya a hannun mai lambun da zai iya nuna masa uwar bishiyar da aka yanko reshen. Ranar dasawa a haƙa rami mai zurfin santimita 60 nesa da harsashin gini, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanye yana jawo gara, sannan a bar mahaɗar auren a saman ƙasa, a riƙa cire duk tohon da ya fito a ƙarƙashinta.