Windows da Office ko Linux da LibreOffice: wanne ya dace da ɗakin kwamfutar makarantarku?

Assalamu alaikum Malam Darakta, Allah ya ƙara girma. Kun ce an ba makarantarku ta CEG da ke nan Damagaram kyautar tsofaffin kwamfutoci goma sha biyu, mai gyara ya ce zai ɗora muku Windows da Microsoft Office, wani malaminku kuma ya ba da shawarar a sa Linux da LibreOffice, shi ne kuke son sanin wanne ya fi. Ni malamin lissafi ne, na riƙe ɗakin kwamfuta shekaru da dama kuma na yi aiki da duka biyun, saboda haka zan auna muku su gwargwadon abin da na gani da idona.

Windows da Linux manhajoji ne da suke tafiyar da kwamfutar kanta, Office da LibreOffice kuma na rubuta takardu da lissafi ne. Bambancin farko na mallaka ne. Windows da Office kayan kamfanin Microsoft ne, abin da mutum yake saye shi ne lasisi, wato izinin amfani. Linux kuwa, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibin jami'a a Helsinki, da LibreOffice, wanda gidauniyar The Document Foundation take kula da shi tun 2010, buɗaɗɗun manhajoji ne: rubutun da aka gina su da shi a fili yake, kuma lasisinsu ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya rarraba. Kile na USB ɗaya mai ɗauke da su ya ishi kwamfutocinku duka, har ku kwafa wa ɗalibin da yake da kwamfuta a gida ba tare da kun ci haƙƙin kowa ba. Ya kamata kuma ku tambayi mai gyaran irin Windows ɗin da zai ɗora, domin yawancin wanda ake sa wa mutane a kasuwa kwafin sata ne, kuma ba na jin daɗin a kafa ɗakin karatun yara a kan abin da mu da kanmu muke hana su.

Na biyu shi ne ƙarfin injinan, kuma a nan ne na fi ganin rinjaye. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 yana buƙatar aƙalla gigabait 4 na RAM, da gigabait 64 na ma'aji, da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda kwamfutocin kyauta da yawa ba su da shi. Ke nan zaɓinku a wannan ɓangare zai zama tsakanin tsohon Windows da aka daina toshe masa ɓaraka da sabon da injin ba zai ɗauka ba. Linux yana da ire-ire marasa nauyi, irin su Lubuntu da Linux Mint mai Xfce, akwai ma Emmabuntüs da aka tsara a Faransa musamman domin farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci, kuma duka ana iya sa su cikin Faransanci.

Sai maganar birus, wadda duk wanda ya riƙe ɗakin kwamfuta ya san ɗacinta. Ɗaliba za ta kai kile wurin masu buga takardu a gari, ta dawo ta soka shi, sai a ga duk fayilolinta sun ɓace sun bar abin da muke kira raccourci, wato ƴar alamar fayil kawai a madadin fayil ɗin, kafin mako ya zagayo kuma cutar ta bi kowane inji. Irin wannan birus domin Windows aka rubuta shi, ba ya tashi a kan Linux. Na sha soka irin wannan kile a injin Linux, in tarar da aikin yarinyar yana nan lafiya, ɓoye shi kawai aka yi, in kwashe mata shi in goge sauran. Wannan ba ya nufin Linux ba ya buƙatar sabuntawa, amma wahalar da take cinye wa mai kula da ɗaki rabin lokacinsa tana raguwa ƙwarai.

Windows da Office su ma suna da inda suka fi, kuma ba zan ɓoye muku ba. Ofisoshin gwamnati da ƙungiyoyi da ƴan kasuwa da Word da Excel suke aiki, takardun da ake aiko muku ma a wannan tsari suke zuwa. LibreOffice yana buɗe su yana kuma adana aiki a tsarin docx da xlsx, sai dai takarda mai teburori da ado da yawa takan ɗan gurɗe, kuma fayil ɗin Excel mai macro, wato ƴan umarnin da ake sa masa ya riƙa yin wani aiki da kansa, ba kullum yake aiki daidai ba. Wasu injinan buga takarda suna ba da wahala a kan Linux, sannan masu gyara a gari sun fi sanin Windows nesa ba kusa ba. Microsoft yana ba makarantun da suka cancanta Office na kyauta, amma ta intanet ake aiki da shi, ku kuwa kun san tsadar haɗin da yawan yankewar kuran.

Tsoron da iyaye suka fi bayyanawa shi ne kada yaro ya koyi abin da ba zai tarar a wurin aiki ba. A ganina tsoron ya fi matsalar girma. Ɗalibin da ya iya rubuta =MOYENNE(B2:B40) a Calc, wato takwaran Excel a cikin LibreOffice, domin fitar da matsakaicin makin ajinsu, haka zai rubuta shi a Excel na Faransanci, haka ma SOMME da SI. Wurin maɓallai ne ya bambanta, kuma wanda ya fahimci aikin yakan gane wannan cikin kwana biyu.

Akwai kayan karatu da ba sa tilasta muku zaɓar ɓangare, domin suna aiki a kan duka biyun. Kiwix, wanda aka fara a 2007, yana ba ku damar ajiye Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa a inji ɗaya, sauran su karanta daga gare shi ba tare da intanet ba. Stellarium yana nuna sararin samaniyar Damagaram a kowane dare, yara su ga Kaza da Ƴaƴanta a allo kafin su fita su neme ta a sama. Keyman kuma yana sauƙaƙa rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda ba su a kan madannai na AZERTY. LibreOffice kansa ana ɗora shi a kan Windows.

Shawarata ita ce ku sa Linux da LibreOffice a injina goma na ɗalibai, ku bar biyu mafi ƙarfi a kan Windows mai lasisi na gaskiya domin aikin ofis da buga takardu. Kafin a goge komai, a tayar da Linux daga kile a gwada kowane inji, a ga ko sauti da wifi da injin buga takarda suna aiki, domin wannan gwaji ba ya taɓa abin da ke ciki. Sharaɗin da na fi nanatawa shi ne a horar da malamai aƙalla biyu. A wata makaranta da na koyar, ni kaɗai na san sirrin ɗakin, da aka canza mini wurin aiki kuwa ba a cika wata uku ba aka mayar da injinan duka kan Windows na sata, kuma laifina ne da ban koya wa kowa ba. Ku rubuta kalmar sirrin mai kula da injinan a littafi, ku ajiye shi a ofishinku tare da kile na ɗora manhajar. Idan kun tsayar da rana, zan iya zuwa wata Asabar mu yi gwajin farko tare da malamin naku.