Mai Zuba Madara da Masu Cin Dankali

Waɗannan zane biyu, na Vermeer da na Van Gogh, masu zane 'yan ƙasar Holland, duk suna birnin Amsterdam, amma yanayinsu ya sha bamban. Wajajen 1660 Vermeer ya zana wata 'yar aiki ita kaɗai a kicin, hasken taga na sauka kan burodi da madarar da take tsiyayawa. Natsuwa ce zalla. A ƙasa akwai ɗan akwatin garwashi na ɗumama ƙafa, wanda wasu masana ke ɗauka alamar soyayya. Ni dai sanyin ɗakin nake gani.

Na Van Gogh ya fi taɓa ni. A 1885, a ƙauyen Nuenen, ya tara manoma 5 ƙarƙashin fitila guda, fuskokinsu launin ƙasa, yatsunsu duk sun yi kanta. Hannayen da suka haƙo dankalin su ne ke miƙawa cikin farantin, wata dattijuwa na zuba kofi a gefe.