Kayan asali ko na kwafi: wanne ya dace da tsohuwar jitar cinya?

Malam, na ga tambayarka. Ka ce wata Fender Champion ce ta faɗo hannunka, irin jitar nan da ake kwantarwa a cinya ana goga wa tsirkiyarta guntun ƙarfe, ba a danne ta da yatsa. Kawunan maɗauran tsirkiya sun ruɓe suna marmashewa, marfin bolum ɗaya ya ɓata, sautin kuma ya yi ƙasa, wani lokacin ya ɗauke. Kana so ka ji ko ka bi sawun kayan asali na zamaninta, ko ka sayi sababbin da ake ƙerawa da kamanninsu.

Da farko dai barka da wannan tsintuwa. Kamfanin Fender ya yi Champion ne daga 1949 zuwa 1955 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ka ga ko autar cikinsu ta ba shekara saba'in baya. Shawarata a dunƙule ita ce ka raba kayan gida biyu: waɗanda suke ɗauke da muryar jitar da tarihinta, da waɗanda dama an yi su ne don su ci aiki su ƙare. Na farkon a gyara na asali matuƙar yana gyaruwa. Na biyun, sabon kwafi ya wadatar, wani lokacin ma ya fi.

Mu fara da fikof, wato maɗaukin sauti da ke ƙarƙashin tsirkiya, don nan ne gizo ke saƙa. Na Champion ɗan'uwan na Telecaster ta farko ne, wato shahararriyar jitar lantarki ta Fender: sandunan maganaɗisu shida na wani haɗin ƙarfe da ake kira alniko, an naɗe su da siririyar wayar tagulla. Wannan zumunci shi ya jawo wa jitocin nan masifa. Shekara da shekaru mutane suna sayen Champion don kawai su cire fikof da marufan bolum su maƙala wa Telecaster, su sayar da gangar jikin fanko. Saboda haka na asali da ke yawo a shafukan cinikin intanet irin su Reverb ko eBay yana da tsada ƙwarai, kuma kai da ke nesa hoto kawai kake gani. Ba ka san ko an taɓa sake masa naɗi ba, ba ka san ko an canza masa faifan ƙasa don ya shiga wata jita ba. Na kwafi kuwa, masu sana'ar irin su Jason Lollar da Lindy Fralin da kamfanin Seymour Duncan sun daɗe suna naɗa fikof a kan tsarin na da, sabo ne, yana da tabbas, kuma idan ya zo da matsala akwai wanda za ka koma wa. Aibinsa biyu: ba kowane fikof na Telecaster ne zai zauna daram a gurbin Champion ba, sai ka auna, kuma ranar da za ka sayar da jitar, mai saye zai rage mata kuɗi sosai.

Amma ni ban ga abin da zai kai ka ga ɗayansu yanzu ba, tunda naka yana nan. Nemi mitar gwajin lantarki ka auna shi. Idan ya nuna wani abu a kewayen om dubu shida zuwa takwas, yana da rai, laifin na wani wuri ne: dalmar da ta saki, ko ramin da ake soka waya ya yi tsatsa, ko bolum ya cika da datti. Idan mita ba ta motsa ba, wayar ta tsinke, kuma sau da yawa a bakin naɗin ne, inda aka liƙa ta da dalma, ɗan gyara kaɗan ya tashe ta. Sai duk wannan ya faskara ake zancen sake naɗi, a bar maganaɗisun da faifansa na asali, waya kawai za a sabunta. Don Allah kada ka kai wa mai naɗin fanka ko injin ruwa, komai ƙwarewarsa. Wayar fikof lamba 42 ce, ta kai gashin kai siranta ko ta fi, kuma ana yi mata zagaye wajen dubu takwas. Aiki ne na wanda ya saba da shi.

Haka abin yake ga masu tsohuwar jitar cinya ta kamfanin Rickenbacker mai maganaɗisu kamar takalmin doki. Ƙarfinsa kan ragu da tsufa, sai mutum ya ɗauka ya mutu, alhali ana iya sake yi masa caji. Wanda kuma zai nemi madadi ya tuna cewa na kafin Yaƙin Duniya na Biyu faɗinsa inci ɗaya da rabi ne, na bayan yaƙi inci ɗaya da kwata, ba sa hawa gurbin juna.

Kawunan maɗaurai kuwa labarinsu daban. Maɗauran kamfanin Kluson na Chicago ne aka fi samu a jitocin wancan lokaci, har da su Supro da National da Oahu da kamfanin Valco ya ƙera kafin ya rufe a 1968. Ƙarfensu mai kyau ne, robar kan ce ba ta jure shekaru: tana tsukewa, ta tsattsage, ta zama gari. Idan ka sayi kawuna na asali, cutar da ta ci naka tana jikinsu, lokaci kawai suke jira. Nan kwafi ya yi nasara ba gardama. Wurare irin su StewMac suna sayar da kawunan kaɗai a farashi mai sauƙi. Sai ka farfashe ragowar tsohon, ka goge sandar ƙarfen, ka ɗumama ta da ƙarfen dalma, ka tura sabon kai a hankali har ya zauna, ka bar shi ya huce. Ka ga ƙarfen asali yana wurinsa, hannunka kuma ya samu abin murɗawa. Sayen sabon jerin maɗaurai gaba ɗaya sai in haƙoran sun cinye, kuma ko a nan ka auna tazarar sanduna da ta ramukan sukuru tukuna. Kayan Amurka na da da inci aka auna su, yawancin kwafin da ake yi a Asiya kuwa da milimita ne. A ido ɗaya suke, sai ka zo ɗaurawa ka ga rami ya kauce da ɗan kaɗan. To a daidai wannan gaɓar ce mutane ke ɗauko abin huda. Kada ka yi. Duk abin da ka kwance da sukuru kana iya mayar da shi gobe, amma ramin da ka huda ya zauna ke nan.

Wani abu da ya kamata ka lura da shi: robar da ke ruɓewa irin ta seluloid tana fitar da iska mai cin ƙarfe. Idan ka ga tsatsa ko kore-kore a kusa da ita, ka raba ta da jitar da wuri, kuma kada ka kulle jitar a akwati wata da watanni babu shan iska. Rufin jikin Champion mai ƙyallin nan ma dangin wannan roba ne, ba ya son zafi, kada a bar shi cikin mota a rana.

Bolum da abin daidaita murya suna tsaka-tsaki. Sabo ba shi da tsada, kamfanin CTS yana yin su har yau, mai 250K, wato om dubu 250, shi ne dai-dai da wannan jita, kuma kunne ba zai ji wani bambanci ba. Sai dai na asalin yana ɗauke da takardar haihuwa. Duba jikinsa za ka ga lamba shida: ukun farko na kamfani ne, 304 Stackpole, 137 CTS, 140 Clarostat, ta huɗu ita ce lambar ƙarshe ta shekara, biyun ƙarshe kuma mako. Misali 304321 na nufin Stackpole, mako na 21 a 1953. Da wannan ake gane shekarun jitar, don haka ka fara fesa masa maganin wanke kayan lantarki ka jujjuya shi. Galibi matsalar tana tafiya. In ya ƙi, ka sa sabo ka adana tsohon. Tsohuwar kafasita mai takarda da kakin zuma, ɗan abin nan da ke haɗe da abin daidaita murya, ita ma haka, in ta lalace a canza ta, ba abin damuwa ba ne.

Marfin bolum da ya ɓata, sayi kwafi. Na asali irin na Telecaster ta farkon shekarun 1950 ne, masu tara kayan tarihi suna rububinsa, kuma wurin ya cika da jabu da aka tsufar da gangan. Ba ya ƙara wa sauti komai. Ka dai tabbatar mai ɗan sukuru ne a gefe kuma raminsa kwatan inci ne, ka zaɓi wanda ƙyallinsa bai yi yawa ba don ya saje da ɗan'uwansa.

Ga masu jita mai feda, irin wadda Demola Adepoju ya kaɗa a ƙungiyar King Sunny Adé har kunnen 'yan Najeriya ya saba da kukanta, lissafin ya fi karkata ga sabon ƙira, domin ita inji ce mai motsi. Wasu jitocin feda na kamfanin Sho-Bud na ƙarshen shekarun 1970 an yi musu sassa da ƙarfen zubi mai gautsi, yana karyewa a ƙarƙashin gwiwa. Wanda aka sassaƙa yau da alminiyom ko ƙarfe mai kyau ya fi na asalin ƙarko nesa ba kusa ba, kuma yawancin makaɗa ba sa ganin aibin sa shi.

Kafin ka biya kuɗin komai, ka roƙi mai sayarwa hoton gaba da baya da awo, in fikof ne har da hoton mita a jikinsa. Ka haɗa ƙananan kayan a oda ɗaya, don kuɗin turowa daga Amurka kan fi kuɗin kayan. Duk abin da ka cire kuma, ko sukuru ɗaya ne da ya yi tsatsa, ka sa a leda ka rubuta inda ya fito, ka ajiye tare da jitar. Idan ka auna fikof ɗin, turo mana lambar da mita ta nuna da wadda ke jikin bolum, daga nan sai mu ga da wanne za a fara.