Super Sentai: ta ina ya kamata mai son kallo ya fara?

Duk wanda ya taso yana kallon Power Rangers ya riga ya kalli rabin Super Sentai, ko da bai taɓa jin sunan ba. Faɗace-faɗacen nan da ake yi cikin kaya masu launi da hular kwano, da dodon da ake kashewa ya kumbura ya yi tsawon bene, galibi a Japan aka ɗauke su. Kamfanin Toei ne ya shirya su, tashar TV Asahi ta nuna, Amurkawa kuma suka sayi hoton suka cire fuskokin Japanawa suka sa nasu, suka fara nunawa a 1993. Na asalin ya fara tun 1975, kuma an yi ta kawo sabuwar tawaga da sabon labari kusan kowace shekara, kashi hamsin ko kusa da haka, kowane kashi bai kai rabin awa ba. Matsalar mai son farawa ke nan, tawagogi sun haura arba'in, data kuma ba kyauta ake ba da ita ba.

Na kalli wasu har ƙarshe, wasu na ajiye su a tsakiya. Abin da na fahimta shi ne zamanin da aka yi shiri bai kai wanda ya rubuta shi muhimmanci ba. Tsarin kusan ɗaya ne tun da daɗewa: dodo ya fito, a sauya kama, a jera a faɗi suna, wuta ta tashi a baya, a hau ƙaton mutum-mutumin ƙarfe a ƙarasa aiki. Abin da ke bambanta su shi ne me marubuci ya yi da mintunan da suka rage.

Don haka idan guda ɗaya kawai mutum zai kalla, ni dai Shinkenger na 2009 zan miƙa masa. Yasuko Kobayashi ce ta rubuta shi, kuma ta yi wani abu da ba a saba ba. A yawancin tawagogi, mai jan kaya aboki ne da ya ɗan fi saura ƙarfin hali. A nan ubangida ne. Takeru shi ne magajin gidan Shiba na 18, sauran huɗun kuma barorin gidansu ne ta hanyar gado, iyayensu sun yi wa iyayensa bauta, yanzu an kira su su bar rayuwarsu su zo su durƙusa a gabansa. Ryunosuke, mai shuɗin kaya, ya bar kabuki, wasan kwaikwayon gargajiyar Japan da yake ƙauna, ya zo da gudu, biyayyarsa har ta yi yawa tana ba da dariya. Chiaki, mai kore, ɗan zamani ne, bai ga dalilin da zai sa ya sunkuyar da kai ga sa'ansa ba. Wannan tsamar ita ke riƙe da rabin farko na shirin, kuma ba a warware ta da wa'azi ba, a hankali aka bar kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ke ɗauke da shi.

Akwai ƙananan abubuwa da suka sa na kasa ajiye shi. In za su sauya kama, wayarsu ce ke naɗewa ta zama alƙalamin gashi, kowa ya zana harafinsa a iska, wuta ko ruwa ko itace, harafin ya dawo ya manne a fuskar hularsa. Kafin su iso filin daga, wasu hadimai sanye da baƙi tun daga kai har ƙafa, fuska a rufe, sukan riga su zuwa su kafa tutoci da labule, su kaɗa ganga, ba sa cewa uffan. Miyagun kuma suna zaune a cikin jirgin ruwa a kan kogin da Japanawa ke cewa matattu na tsallakawa. Shugabansu yana ta shan giya don ya danne fushinsa, wata mata a gefe tana kaɗa molonsu na gargajiya mai tsirkiya uku. Dodon da suka turo duniya ba ya iya daɗewa, in jikinsa ya bushe sai ya fara tsagewa, dole ya koma ya jiƙa. Dabara ce mai sauƙi, amma ta amsa tambayar da kowane yaro ke yi: me ya sa bos ke guduwa alhali yana cin galaba? Kusa da ƙarshe akwai wani sirri da ke fitowa game da Takeru. Ba zan faɗa ba, sai dai wanda ya kai wurin zai so ya koma kashi na farko ya sake duban fuskarsa. An mayar da shirin Power Rangers Samurai a 2011, labarin kusan iri ɗaya, amma nauyin ubangida da bara bai tsallaka teku ba.

Wanda ba ya son labari mai sarƙa, yana son ya kalli kashi ɗaya yau ya dawo bayan sati biyu bai rasa komai ba, Dekaranger na 2004 ne nasa. 'Yan sanda ne masu kama miyagun da suka shigo daga wasu duniyoyi, kowane kashi da nasa ƙarar da bincikenta. Ogansu, Doggie Kruger, kan kare gare shi, kuma ranar da ya tashi daga kujera ya zare takobi da kansa tana cikin abin da na fi jin daɗi a duk Sentai. Kafin a kashe mai laifi sai an ɗaga na'ura a jira hukuncin kotun ƙoli ta sararin samaniya, alamar i ko a'a. Shari'a ce ta daƙiƙa goma, kusan kullum kuma hukuncin ɗaya ne, amma yara na son wurin. Shi na fi natsuwa a kunna wa ƙanana.

Sai tsofaffin. Gorenger na 1975, wanda Shotaro Ishinomori ya ƙirƙira, shi ne tushe, kuma har yau babu wanda ya kai shi tsawo, kashi 84. Babu ƙaton mutum-mutumi a cikinsa, wannan sai a Battle Fever J na 1979 ya shigo. Ƙwallo suke bugawa a tsakaninsu, na ƙarshe ya doka ta a kan dodo ta fashe. Yana da daɗi na ɗan lokaci, musamman ganin 'yan wasa na tsalle daga kan dutse wuta ta gaske na tashi a bayansu, babu kwamfuta. Amma maimaici ya yi masa yawa. A kalli kaɗan don sanin asali, a wuce. Mai cewa sai ya bi su a jere daga 1975 zai gaji kafin ya kai inda daɗin yake.

A cikin na da, Jetman na 1991 ne ya cancanci a zauna masa. Toshiki Inoue ya rubuta shi kamar wanda ya manta yara ake yi wa. Mutum ɗaya ne soja a cikin biyar ɗin, sauran huɗun tsautsayi ne ya sa hasken da ke ba da ƙarfi ya faɗa kansu: 'yar masu kuɗi, da manomi, da 'yar sakandare, da wani ɗan duniya mai suna Gai, mai busa sigari da caca da bin mata, wanda tun farko ya ce shi ba ruwansa da ceton kowa. Ryu, jagoransu, yana makokin budurwarsa, bai san maƙiya sun ɗauke ta sun juyar mata da tunani ba. Kaori, 'yar masu kuɗin, na son Ryu, Gai na son Kaori, har dambe ake yi a cikin tawaga. Mai kallon fim ɗin Indiya ba zai ji baƙunta ba ko kaɗan. Hoton ya tsufa, wasu dodannin abin dariya ne, amma mutanen cikinsa suna da rai. Ba na yara ƙanana ba ne, a sani.

Zyuranger na 1992 kuwa, wanda daga shi aka yanko Power Rangers na farko, yawanci son sani ke kai mutum gare shi, ni ma haka. Za ka ga abin mamaki: mai rawayan kaya namiji ne a Japan, shi ya sa kayan macen da ta maye gurbinsa a Amurka ba su da siket irin na mai ruwan hoda. Labarin Burai, mai koren kaya, ya fi na Amurka ɗaci nesa ba kusa ba. Ban da wannan, shirin ya cika da yaran unguwa da ake sacewa ana cetowa, har ya gundure ni. Iyaye kuma su lura, a nan mutum-mutumin ana ɗaukarsa a matsayin abin bauta, akwai maganar shaiɗan da tsafi a fili. Magiranger na 2005 shi ma kan sihiri aka gina shi gaba ɗaya.

Kobayashi tana da wani da nake sa shi kusa da Shinkenger, wato Timeranger na 2000. Jami'ai huɗu ne daga shekara ta 3000 suka biyo fursunoni zuwa zamaninmu suka maƙale, suka haɗu da ɗan wani attajiri da ya ƙi bin hanyar da ubansa ya shata masa. Ba kashe miyagu suke yi ba, ƙanƙantar da su suke yi su daskarar, su mayar kurkuku. Yana tafiya a hankali, raha ba ta da yawa, sai mai haƙuri.

Akwai shawarar da ake yawan ba sababbi wadda ban yarda da ita ba, wai su fara da Gokaiger na 2011 tunda a cikinsa ana ganin kowa. Gaskiya ne 'yan fashin tekun nan na sararin samaniya suna da mabuɗan da ke ba su damar rikiɗa zuwa tawagogi 34 da suka gabace su, kuma tsofaffin 'yan wasa na dawowa da furfurarsu. Shiri ne mai kyau ƙwarai, Naruhisa Arakawa da ya rubuta Dekaranger ne ya jagoranci rubutunsa. Amma kamar zuwa bikin dangin da ba ka san kowa ba ne, ana ta rungume-rungume da hawaye kai kana tsaye da faranti. Kashin da ya taɓo Gai na Jetman ba zai motsa wanda bai kalli Jetman ba. A ajiye shi sai an kalli uku ko huɗu.

Na baya-bayan nan sun fi kyan hoto, sun kuma fi nuna cewa talla ake yi. Kamfanin Bandai ke sayar da kayan wasan yara na shirin, kuma ana ji a jiki, kafin ka saba da mutum-mutumi ɗaya an kawo wani an liƙa masa a kafaɗa, har ya zama tulin da ba ya iya ɗaga hannu. Kyuranger na 2017 ya fara da mutum tara ya kai sha biyu, wasu sai su yi sati-sati ba su ce komai ba. Na bar shi a hanya. King-Ohger na 2023 ya yi ƙoƙari da sarakuna biyar da ƙasashensu da siyasar da ke tsakani, sai dai yawancin wuraren da kwamfuta aka zana su, ido na gajiya, ko da yake labarin ya riƙe ni.

Donbrothers na 2022 daban yake. Inoue ne ya dawo bayan shekara talatin da ɗoriya, ya ɗauki tatsuniyar Japanawa ta Momotaro ya yi abin da ya ga dama da ita. Jarumin mai kai saƙo gida-gida ne wanda in ya yi ƙarya numfashinsa ke ɗaukewa, yana isowa filin faɗa a kan karaga ana ɗauke da shi ana rawa. 'Yan tawagar sun daɗe ba su san junansu ba in an cire hula, ɗaya ma 'yan sanda ke nemansa. Na yi dariya sosai, amma daɗinsa na ga wanda ya san dokokin da ake karyawa, don haka shi ma ba na farko ba ne.

Wajen samu, ba duka ke da fassarar Turanci ta hukuma ba. Kamfanin Shout! Factory na Amurka ya fitar da wasu a faifai da fassara a rubuce, ya fara da Zyuranger a 2015, Jetman da Timeranger na ciki. Kafin mutum ya ƙona datarsa, ya gwada kashi biyar na farko. A Sentai kashi na ɗaya kusan kullum hayaniya ce da gabatar da kayan wasa, sai wajen na huɗu ko na biyar ake fara ba kowane ɗan tawaga ranarsa, a nan ake gane ko marubucin yana da abin faɗa game da su.