Rodenbach Grand Cru: Jar Giyar Beljiyam Mai Shekara Biyu a Ganga

Wanda ya saba da giya mai ruwan zinariya da ake sha da sanyi ƙarara, idan aka miƙa masa Rodenbach Grand Cru, da wuya kurɓin farko ya wuce bai yamutsa fuska ba, har ma ya yi zaton kwalbar ta lalace. Tsamin da ya ji kuwa da gangan aka samar da shi, kuma shekara biyu aka kwashe ana renonsa a cikin gangunan katako a garin Roeselare da ke yammacin yankin Filandas, a ƙasar Beljiyam. Tun da farko ya kamata a faɗa cewa abin sha ne mai sa maye, da barasa kashi 6 cikin ɗari, saboda haka wannan sharhi na waɗanda addininsu da lafiyarsu suka yarje musu ne.

'Yan'uwa huɗu na gidan Rodenbach ne suka kafa masana'antar a 1821, amma salon da aka san ta da shi yanzu ya kankama ne a hannun Eugène Rodenbach, wanda ya karɓi ragama a 1878 bayan ya koyo a Ingila yadda ake ajiye giya a cikin itace ta tsufa, sannan a gauraya ta da sabuwa. Har yau masana'antar tana da manyan ganguna 294 na itacen oak, waɗanda mutanen wurin ke kira foeder, a tsaye cikin dogayen ɗakuna. Mafi girmansu na cin lita dubu 65, wasu kuma sun haura shekara 150 ana amfani da su, domin akwai masassaƙa na musamman da aikinsu shi ne kwance su, kankare cikinsu da sake ɗaure su. A cikin waɗannan ganguna ne ƙwayoyin halitta irin masu tsamar da nono suke aikinsu tare da yisti, yayin da 'yar iskar da ke ratsa katako a hankali take haifar da wani tsami na biyu mai kaifi, irin na binega, wato ruwan khal. Ba a zuba mata furen hop da yawa, shi ya sa ɗacin da aka sani a sauran giya kusan babu shi a nan.

Idan aka tsiyaya ta a kofin gilashi mai faɗin ciki, launinta ja ne mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa, wanda ta samo daga gasasshen tsiron sha'ir, kumfarta kuma ba ta daɗewa. Ƙamshin da ke fara tasowa na 'ya'yan ceri ne masu tsami, duk da cewa ko ƙwaya ɗaya ba a saka a cikinta ba, sai na busasshen inabi da na tsohon katako su biyo baya. A baki, tsamin ne ke fara kama gefen harshe, kamar na zoɓon da aka dafa da kauri aka rage masa sukari, amma kafin mutum ya haɗiye sai wani ɗan zaƙi irin na ƙonannen sukari ya taso ya tare shi, daga ƙarshe kuma itacen ya bar wani bauri mai busar da baki wanda ke sa a sake kai hannu ga kofin. Wannan bi da bi na tsami, zaƙi da bauri shi ne ainihin darajar giyar, kuma ba a kama shi sai a kurɓi na uku ko na huɗu, bayan harshe ya daina mamaki.

A ganina gwanintar tana wajen gauraya ne. Grand Cru kashi biyu cikin uku tsohuwar giya ce da ta shekara biyu a ganga, kashi ɗaya kuma sabuwa, alhali Rodenbach Classic, mai barasa kashi 5.2, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai tsohuwa. Bambancin a fili yake: Classic mai sauƙi ce, tana kashe ƙishi, kuma ita ta fi dacewa da baƙon wannan salo, amma tana wucewa ba ta bar wani abin tunani ba. Akwai kuma Vintage, wadda ake ɗebowa daga ganga guda da aka zaɓa ba tare da an gauraya ta da komai ba, mai ƙarfi da kaifin da ba kowane harshe ne zai jure ba. Grand Cru ta zauna a tsakiya, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya daga cikin ukun, ita zan ɗauka. Masu son zaƙi kuwa za su fi jin daɗin Duchesse de Bourgogne ta masana'antar Verhaeghe da ke Vichte, a yankin guda, wadda zaƙinta da binegarta duk sun fi fitowa, ko da yake ni ina jin sassan biyu suna tafiya ne a rabe, ba su narke cikin juna kamar na Grand Cru ba.

Babban kuskuren da ake yi mata shi ne a sha ta kai tsaye daga firiji. Sanyi mai yawa yana danne ƙamshin 'ya'yan itacen ya bar binegar kaɗai a fili, saboda haka ya fi kyau a bar kofin ya ɗan huce kafin a fara, kuma a guji shanta daga bakin kwalba. Ba giyar da ake jerawa kwalba bayan kwalba ba ce, domin tsaminta yana gajiyar da baki, kuma mai fama da ƙwannafi ko gyambon ciki gara ya haƙura da ita gaba ɗaya.

Da abinci ne take nuna cikakken halinta. Mutanen gaɓar tekun Beljiyam sun daɗe suna haɗa Rodenbach da ƙananan jatan lande masu ruwan toka da ake kamawa a Tekun Arewa, suna ɓarewa da hannu suna korawa da ita, kuma gishirin jatan landen yana tausasa tsamin ƙwarai. Tana kuma tafiya da tsohon cuku da nama mai kitse da aka dafa ya yi laushi, domin tana wanke maiƙon daga baki. Kayan zaƙi ne kaɗai ba na ba da shawarar a haɗa ta da su, saboda bayan cokali ɗaya na abu mai sukari, ɗan zaƙin da ke riƙe da giyar yakan ɓace, sai ta koma kamar binega tsagwaronta.